Ku Auna Lamba Kafin Ku Yanka Mata Gurbi

Ɗiyana maza da mata da ke koyon rubuta manhaja a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da ƙannenku da ke koyo a shagunan kwamfuta na Jega da Maiyama: 

Wata 'yar tambaya nake so ta zame muku ɗabi'a, ku riƙa yi wa kanku ita duk sa'ad da za ku ajiye lamba a cikin kwamfuta: wannan lamba, bit nawa take bukata? Galibi ana taɓa wannan batu a farkon karatu, ɗalibi ya haddace shi don jarrabawa, ya ci, ya wuce, ba ya sake waiwayarsa. Alhali kuwa ƙidayar jama'a da kuɗin ɗan kasuwa da sakamakon gwajin marar lafiya duk a kan amsar wannan tambaya suke zaune. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Mu fara daga abin da kowa ya sani. Idan aka ba ka takarda mai akwati uku aka ce ka rubuta adadi, mafi girman abin da za ka iya rubutawa shi ne 999. Da zarar adadin ya kai 1,000, sai an ƙara akwati na huɗu. Kwamfuta ma haka take, sai dai akwatinta ba ya karɓar alƙaluma goma, biyu kawai yake karɓa: sifili ko ɗaya. Wannan ɗan gurbi shi ne bit. Gurbi ɗaya yana rubuta 0 da 1. Gurbi biyu suna rubuta daga 0 zuwa 3. Uku, daga 0 zuwa 7. Kowane gurbi da aka ƙara yana ninka yawan lambobin da za su samu wuri. Takwas, waɗanda ake kira bayit ɗaya, suna tsayawa a 255. Goma sha shida suna tsayawa a 65,535. Talatin da biyu suna tsayawa a 4,294,967,295. Duk wannan ga cikakkiyar lamba ce wadda ba ta sauka ƙasa da sifili, irin ta ƙidaya: mutum nawa, buhu nawa, kwana nawa. Idan kuwa ana so lambar ta iya zama ta bashi, wato ta sauka ƙasa da sifili, to rabin wurin ya tafi can, iyakar sama ta ragu zuwa kusan rabi.

Yanzu ku dubi gida. Alƙaluman ƙidayar 2006 sun ba ƙaramar hukumar Aliero mutum 65,973. Ku kwatanta da 65,535. Da ɗari huɗu da 'yan kai kawai ta wuce iyaka, amma ta wuce. Saboda haka jama'ar Aliero ba za su shiga bit 16 ba, sai 17. To me zai faru idan wani ya tura wannan adadi cikin gurbi mai bit 16? A harsunan C da C++, ga irin wannan lamba, kwamfuta ba za ta tsaya ba, ba za ta yi kuka ba. Za ta yar da bit ɗin da bai samu wuri ba, ta ajiye saura, ta nuna maka cewa mutanen Aliero 437 ne. Wannan ma da sauƙi, domin duk wanda ya taɓa shiga garin a lokacin cinikin albasa ya san ƙarya ce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na maƙwabta. Ƙidayar ta ba Maiyama 175,686, ta ba Jega 193,352, kowacce tana bukatar bit 18. A matse su cikin 16, Maiyama ta koma 44,614, Jega ta koma 62,280. Waɗannan lambobi suna da kamannin gaskiya. Ma'aikacin da ke zaune a Abuja, wanda bai taɓa taka ƙasar Gwandu da garuruwan nan suke ciki ba, zai iya karɓarsu ya yi kasafin allurar riga-kafi a kansu, babu abin da zai ankarar da shi. Kuskuren da ya yi kama da gaskiya shi ne wanda nake roƙonku ku fi jin tsoro.

To ta yaya ake gano yawan bit ɗin? Hanya ta farko ita ce wadda nake so kowannenku ya iya da alƙalami kafin ya taɓa madannai. Ka raba lambar gida biyu, ka zubar da abin da ya yi saura, ka sake rabawa, ka yi ta yi har ta zama sifili, kana ƙirga sau nawa ka raba. Ɗauki 100: ta koma 50, sai 25, sai 12, sai 6, sai 3, sai 1, sai 0. Rabo bakwai ke nan, don haka 100 tana bukatar bit 7, kuma in ka rubuta ta da sifili da ɗaya za ka ga 1100100, gurbi bakwai cif. A cikin manhaja ba ma sai ka yi rabo ba. Gusar da lambar taki ɗaya zuwa dama daidai yake da raba ta biyu, sai ka sa ta cikin zagaye, ka riƙa ƙara ɗaya a kan ma'ƙirgi har lambar ta ƙare. Layi huɗu ko biyar ne. Ba ita ce mafi sauri ba, amma ba ta ƙarya, kuma duk wata hanya ta dabara da za ku koya nan gaba, da ita za ku riƙa auna ta.

Akwai wata hanyar da ta fi ta sauri. Maimakon ka bi gurbi ɗaya bayan ɗaya, sai ka tambaya: a cikin bit 32, rabin sama akwai wani abu? In akwai, amsa ta haura 16, ka koma can da nema. In babu, ka tsaya a rabin ƙasa. Ka sake raba inda kake gida biyu: takwas, sai huɗu, sai biyu, sai ɗaya. Da tambaya biyar ka isa ga bit mafi girma da ke kunne. Ku rubuta wannan sau ɗaya da hannunku don ku gane ta. Bayan haka ba lallai ku sake rubuta ta ba, domin masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta sun daɗe da gina aikin a cikin ƙarfen kansa. Kamfanin Intel ya sa umarnin BSR tun a ƙwaƙwalwarsa ta 80386 da ta fito a 1985, kuma ƙwaƙwalwar ARM da ke cikin wayoyin da ke aljihunku tana da umarnin CLZ mai ƙirga sifilan da ke gaban lamba. In ka san sifilan gaba, ka cire su daga 32 ko 64, ka samu amsa. Harsunan ma sun kawo abin kusa da hannu: Python na da bit_length, Go na da bits.Len, C++ ta samu std::bit_width a tsarinta na 2020, Java kuma na da numberOfLeadingZeros. Shawarata a aikin gaske ita ce ku yi amfani da waɗannan. Mutane masu yawa sun gwada su kafin ku, kuma duk wanda ya gaji aikinku zai gane nufinku da kallo ɗaya.

Hanyar da nake so in ja muku kunne a kanta ita ce wadda ta fi burge ɗalibi mai son lissafi, wato logaridim mai tushe biyu. A kan allo daidai take: ka ɗauki logaridim ɗin lambar, ka zubar da ɓurɓushin bayan ɗigo, ka ƙara ɗaya. Amma ramuka uku ke cikinta.

Na farko, da yawa sukan ce ai maimakon zubar da ɓurɓushi a ƙara ɗaya, a ɗaga amsar zuwa cikakkiyar lamba ta sama kawai. Su gwada da 100 su ga 7, su gwada da 200 su ga 8, su ce shi ke nan. Ku gwada da 8. Logaridim ɗinta 3 ne cif, babu abin ɗagawa, alhali 8 ana rubuta ta 1000, gurbi huɗu. Haka 256 za ta ba ka 8, alhali 9 take bukata. Tushen ruɗanin shi ne tambayoyi biyu ne masu kama da juna. Ɗaya: ina da abubuwa 256, bit nawa zai ishe ni in ba kowanne lambarsa? Amsa takwas, domin za ka fara daga 0 ka tsaya a 255. Ɗayar: ita kanta lamba 256, bit nawa za ta ci? Amsa tara. Malamin da ke ba ɗalibai 256 lambar kujera daga sifili bayit ɗaya ya ishe shi. Amma in yana so ya ajiye jimillarsu, bayit ɗaya ya gaza da ɗaya tak. Ku zauna da wannan bambanci har ya shiga jikinku, domin yawancin kurakuran wannan babi daga nan suke fitowa.

Rami na biyu ya fi ɓuya. Kwamfuta tana lissafin logaridim ne da lamba mai ɗigo, ita kuwa irin wannan lamba mai bit 64, bit 53 kawai ta keɓe wa ainihin alƙaluma. Idan lambarka ta girma ƙwarai, kuma ɗaya kawai ya rage ta kai wani ninkin biyu, sai logaridim ɗin ya yi kusa da cikakkiyar lamba har kwamfuta ta kasa bambancewa, ta cike shi. Misali 9,007,199,254,740,991 bit 53 take bukata, amma logaridim zai fito 53 cif, ka ƙara ɗaya ka samu 54. Za ka gwada manhajar da ƙananan lambobi dubu, duk ta ci, sai ranar da babbar lamba ta zo. Tambayar ta cikakkun lambobi ce, ku bar ta a hannun lissafin cikakkun lambobi.

Rami na uku shi ne sifili. Sifili ba shi da logaridim. Kuma ko a sauran hanyoyin sai ka tsaya ka yanke shawara: bit nawa sifili yake bukata? Python da Go da C++ duk sun ce babu ko ɗaya, amsarsu 0. Amma in za ka rubuta shi ko ka aika shi ta waya, dole ya ci aƙalla gurbi ɗaya. Ko wacce ka zaɓa daidai ce muddin ka san ka zaɓa, ka kuma rubuta a gefe. Abin da ba daidai ba shi ne ka miƙa sifili ga __builtin_clz na GCC, domin littafinsa ya faɗa ƙarara cewa ba a ayyana sakamakon sifili ba. Yau zai iya ba ka amsa mai kyau a kwamfutarka, gobe ya ba da wata a kwamfutar wanda ya saya.

Wani zai ce, Baba, duk wannan wahala ta mece ce? A ba kowace lamba bit 64 mana a huta. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Bit 64 wuri ne mai faɗin gaske. Ibn Khallikan, malamin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo labarin mai hikimar da ya roƙi sarki ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko na allon shaɗaranji, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ninkawa har gida na 64. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615, kuma ita ce daidai iyakar bit 64. A kan kwamfutar tebur ko ta cinya, in kana shakka, ɗauki 64, ban hana ka ba.

Sai dai ba kowane aiki ne ake yi a kan babbar kwamfuta ba. Da yawa daga cikinku, musamman masu karatun injiniya, za ku yi aikin kammala karatu da ɗan allon nan na Arduino Uno. Na san zukatanku na kan matsalar gida, wato albasar da ke ruɓewa a ajiya kafin farashi ya tashi, kuma na'urar da za ta riƙa auna zafi da danshin ma'ajiya aiki ne mai kyau ƙwarai. To Uno bayit 2,048 kacal gare shi na wurin aiki, kuma lambarsa ta yau da kullum bit 16 ce, ba 32 ba kamar yadda kuka saba a kwamfuta. Ma'auninsa yana ba da amsa daga 0 zuwa 1,023, wato bit 10. Ka ce za ka tara awo da yawa ka fitar da matsakaici, ka tara su a gurbi mai bit 16 marar bashi. Awo 64 mafi girma sun ba da 65,472, sun shiga da ƙyar. Na 65 ya kai 66,495, ya tumbatsa, matsakaicin ya faɗi ƙasa warwas, na'urar ta ce ɗaki ya yi sanyi a daidai lokacin da ya fi zafi. Agogonsa na millis kuma, mai ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, bit 32 ne, yana cika ya koma sifili bayan kwana hamsin ba kaɗan. Kai a ɗakin gwaji awa biyu za ka kunna ta a gaban malamai, ka samu maki. Manomi kuwa watanni zai bar ta a kunne. Shi ne zai gamu da ranar da agogon zai juya, kai kana can kana bautar ƙasa.

Daga nan ku riƙe ƙa'ida guda: ba lambar da ta shigo kaɗai ake aunawa ba, har da abin da za ta haifa. Tara lambobi biyu masu faɗi ɗaya na iya bukatar ƙarin bit ɗaya. Ninka lamba mai bit 10 da wata mai bit 10 na iya cin 20. Ragi kuwa yana da nasa haɗarin ga lambar da ba ta san bashi ba: a bit 32, ka cire 5 daga 3, amsa ba za ta sauka ƙasa da sifili ba, za ta zagayo ta zama 4,294,967,294. Manhajar sito da ta yi wannan za ta gaya wa mai kaya cewa yana da buhu biliyan huɗu. Dillalin albasa ba ya ɗinke bakin buhu sai ya ga abin da ya zuba ya zauna, in ya ga zai yi tozo ya nemo babba. Ku ma ku yi hakan.

Kuɗi ma haka. Masu hankali suna ajiye kuɗi a matsayin cikakken adadin kwabo don gudun ɓurɓushin lamba mai ɗigo, kuma hakan daidai ne. Amma bit 32 na kwabo yana ƙarewa a naira 42,949,672 da kwabo 95. Wanda ya san irin hada-hadar da ake yi a kasuwar Jega, ta hatsi da shinkafa da dabbobi, ya san babban ɗan kasuwa zai wuce wannan adadi a jimillar cinikinsa ba tare da ya ji ya yi wani abin mamaki ba. In za ku rubuta masa manhajar lissafi, 64 za ku ba shi.

Akwai kuma waɗanda suke kama da lamba alhali suna ne. Lambar asusun banki alƙaluma goma ce, tana iya kai wa inda sai bit 34. Lambar BVN da ta NIN alƙaluma goma sha ɗaya ce, sai bit 37. Duk sun fi ƙarfin 32. Amma ko da kun ba su 64, ba ku tsira ba, domin wasu irin waɗannan lambobi, kamar lambar waya, da sifili suke farawa, kuma kwamfuta tana yar da sifilin gaba in ta ɗauki abu a matsayin adadi. Ba wanda ke tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa. Abin da ba a tarawa ba a ragewa, ku ajiye shi a matsayin rubutu.

Tun da na ambaci rubutu, bari in ɗan ratse, domin wannan ya shafi harshenmu. Saƙon tes bayit 140 ne, wato bit 1,120. Haruffan boko na gama-gari bit 7 kowanne yake ci a tsarin saƙon, shi ya sa ake samun harafi 160. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin wannan ƙaramin jeri. A tsarin Unicode, lambar ƙ ita ce 409, tana bukatar bit 9. Ta ɓ 595 ce, ta ɗ 599, kowacce bit 10. Da zarar ɗaya daga cikinsu ta shiga saƙo, sai wayar ta koma ba kowane harafi bit 16, saƙon ya ragu zuwa harafi 70. Wanda zai gina manhajar tura wa manoma farashin kasuwa da Hausa ta gaskiya, dole ya san wannan kafin ya yi wa mai aikin lissafin kuɗin saƙo. Ba na so ku yar da ƙ da ɗ don neman araha. So nake ku san farashinsu, ku tsara saƙon yadda zai ɗauke su.

Kada ku ɗauka wannan tuntuɓe na masu koyo ne kawai. A kakar 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bar sakamakon mutum 15,841 da suka kamu ba a shigar da su rahoto a kan lokaci ba, saboda an zuba bayanan a tsohon tsarin Excel wanda layukansa ba sa wuce 65,536. Layin da ya wuce iyaka sai ya ɓace shiru, aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Ƙannenku da ke kwalejin kiwon lafiya ta Jega, masu koyon adana bayanan marasa lafiya, ku ba su wannan labari. Taurarin GPS kuma bit 10 aka ba ma'ƙirgin makonninsu, ya fara a Janairun 1980, ya cika ya koma sifili a Agustan 1999, ya sake a Afrilun 2019, wasu tsofaffin na'urori suka ruɗe da kwanan wata. Sabon tsarin an ba shi bit 13. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka ƙwararru ne, kuma a ranar da suka zaɓi faɗin gurbin ya ishe su. Lambar ce ta ci gaba da girma bayan sun tashi daga teburin.

Saboda haka amsar tambayarmu rabinta ne kawai ke cikin kwamfuta. Manhaja za ta gaya maka bit nawa lambar da ke hannunka take bukata. Ba za ta gaya maka girman lambar da za ta zo baɗi ba. Wannan sai ka tashi ka je wurin mai aikin. Ka zauna da mai sito ka ce, Alhaji, a shekarar da kasuwa ta fi yin kyau, buhu nawa suka taɓa shiga nan? Ka tambayi malamar asibiti, Hajiya, kati nawa kuke buɗewa a wata idan damina ta kawo zazzaɓi? Ka tambayi manomi wata nawa yake ajiya. Abin da suka faɗa ka ƙara masa wuri mai yalwa, sannan ka zaɓi gurbi. Kuma ka sa manhajar ta duba kowace lamba a bakin ƙofa, in ta fi ƙarfin gurbin ta tsaya ta faɗa da babbar murya, kada ta datse ta ta yi shiru.

Roƙona gare ku, ɗiyana, kafin ku miƙa kowane aiki ga malami ko ga mai saye: ku gwada shi da 0 da 1, da 255 da 256, da 65,535 da 65,536, da 4,294,967,295. A gefen kowane gurbi kuma ku rubuta layi ɗaya da ke faɗin mafi girman lambar da kuke tsammani da wanda ya gaya muku ita, domin wanda zai gyara aikin bayanku ya san inda zai fara dubawa. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya amfanar da jama'ar Kabi da ku.